Shin Magungunan Ƙarin Sinadarai Suna Ƙara wa Yaro Fahimtar Karatu?

Tambaya: Wata uwa daga unguwar Mabera a Sakkwato ta rubuto cewa ɗanta mai shekara takwas yana aji uku na firamare, amma har yanzu yana tuntuɓe wajen karatu, kuma malaminsa na Islamiyya ya ce hadda ba ta zama masa. Mai kemis ya nuna mata wani maganin ruwa mai tsada wanda yake ɗauke da bitamin iri-iri da man kifi, ya ce yana buɗe ƙwaƙwalwa. Tana kuma goyon 'ya mai wata goma. Tana so ta san ko irin waɗannan magunguna suna aiki, da ko ya dace ta saya wa yaran biyu.

Amsa: Malama, Allah ya raya miki su. Ƙarin sinadari yana taimakon ƙwaƙwalwar yaron da jikinsa yake da ƙarancin wannan sinadarin, kuma taimakon yana ƙaruwa gwargwadon tsananin ƙarancin da kuma ƙanƙantar yaron a lokacin da aka cike giɓin. Yaron da abincinsa yake ba shi abin da ya ishe shi kuwa, babu wani bincike mai ƙarfi da ya nuna cewa ƙara masa bitamin ko man kifi zai sa karatu ya fi zama masa. Saboda haka kafin a yi maganar kwalbar da aka nuna miki, sai an san ko akwai abin da ɗan naki ya rasa, da ko wannan rashin ne yake hana shi karatu. Kuma ko da yake a kan babban kika fi damuwa, ni hankalina ya fi karkata ga wadda take bayanki, domin ita ce take cikin lokacin da abinci yake yi wa ƙwaƙwalwa aikin da yake da wuyar maimaitawa daga baya.

Dalili shi ne, ƙwaƙwalwa tana riga sauran jiki girma. Ana haihuwar jariri ƙwaƙwalwarsa tana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum, kafin ya cika shekara uku ta kai wajen kashi 80 cikin 100, a shekara biyar kuwa ta kusa kashi 90. A cikin wannan ɗan lokaci ne jijiyoyinta suke ƙulluwa da juna, ake kuma lulluɓe su da wani farin kitse mai sa saƙo ya yi saurin tafiya a cikinsu. Wannan aiki yana buƙatar ayon (sinadarin ƙarfe da jiki yake haɗa jini da shi) da aidin da zinki da furotin da kitse, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ta nanata kwana dubu na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Ga shi kuwa a yankinmu ƙarancin ba baƙon abu ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya samu cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, sannan kashi 68 na yaran ƙasar masu wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. Ke nan zargin cewa abinci yana iya shafar karatun ɗanki zargi ne mai tushe. Inda za mu rabu da mai kemis shi ne wajen maganin.

Sinadarin da hujjarsa ta fi kowanne ƙarfi shi ne aidin, kuma shi ne ya fi kowanne araha. Jiki yana amfani da shi wajen haɗa ruwan tayirod, wata tsoka da take gaban maƙogwaro, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo, kuma wannan ruwan ne yake jagorantar ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun farkon ciki. A shekarar 1994 wasu masana biyu, Bleichrodt da Born, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa mazauna wuraren da suke da tsananin ƙarancin aidin suna ƙasa da takwarorinsu da kimanin maki 13.5 a gwajin basira. Ko a yaran da suka tasa ma an ga amfani: a Albaniya, a wani bincike da aka buga a 2006, an ba 'yan makaranta masu shekara 10 zuwa 12 da suke da ƙarancin aidin ƙwayar man aidin, bayan wata shida suka fi waɗanda ba a ba ba a wasu daga cikin gwaje-gwajen tunani. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993, don haka mafi yawan gidajen da suke sayen gishirin leda sun riga sun samu kariya ba tare da sun sani ba. Abin da ya shafe mu a nan Sakkwato shi ne gishirin gargajiya da yake shigowa daga Nijar ta Illela, irin na Bilma da kantu, wanda wasu gidaje suka fi so saboda ɗanɗanonsa ko saboda ana ganin yana da magani. Wannan gishiri ba ya bi ta masana'antar da take zuba aidin. In ana son sa a ci gaba da amfani da shi jefi-jefi, amma gishirin girkin yau da kullum ya zama na leda mai alamar aidin, a kuma adana shi a rufe nesa da zafin murhu, domin aidin yana gudu idan gishirin ya daɗe a buɗe cikin zafi da danshi. Yaro mai shekarun ɗanki yana buƙatar maikirogiram 120 ne kacal a yini, mai ciki ko mai shayarwa kuwa 250, kuma wannan gishirin yana ba da kaso mai yawa daga ciki.

Maganar ayon ta fi rikitarwa, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne ƙarancin da ya fi yawa a cikin yaranmu, shi ne kuma wanda aka fi yin kuskure wajen magance shi. Jariri yana zuwa duniya da guzurin ayon da ya ɗebo daga uwarsa, wanda yake isar sa wata huɗu zuwa shida. Daga nan sai guzurin ya ƙare a daidai lokacin da jikinsa da jininsa suke saurin ƙaruwa, nonon uwa kuwa, duk da falalarsa da babu abin da ya kai shi, ayon ɗin da yake cikinsa kaɗan ne. Har ma a ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, jariri mai wata bakwai zuwa goma sha biyu yana buƙatar miligiram 11 a yini, alhali namiji baligi 8 yake buƙata. Ki duba abin da muka saba ba yaro a wannan lokaci: kunu mai ruwa-ruwa, farau-farau, fura da nono, da shayi. Gero da dawa suna da ayon, amma suna tare da wani sinadari da yake riƙe shi ya hana hanji tsotsewa, nonon shanu kusan babu ayon a cikinsa, ganyen shayi kuma yana ƙara toshe ɗan wanda ya samu. Yaro zai ƙoshi, ya yi ɓul-ɓul ma wani lokaci, amma jininsa yana baya.

Likita Betsy Lozoff da abokan aikinta sun bi wasu jarirai a Kosta Rika tun daga shekarun 1980 har suka kai shekara 19, suka ga cewa waɗanda suka yi fama da tsananin ƙarancin ayon a jarirantaka sun ci gaba da zama a baya a gwajin tunani ko da yake an ba su magani jininsu ya dawo daidai, kuma tazarar ta fi faɗi a 'ya'yan talakawa. Wannan ya sa aka ɗauka cewa idan aka raba wa duk jarirai ayon za a ga basirarsu ta ƙaru. Da aka gwada a Bangaladash sai abin bai fito haka ba. A binciken da aka buga a 2021, an raba jarirai 3,300 'yan wata takwas ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ruwan ayon, wasu garin sinadarai da ake barbaɗawa a abinci, wasu kuma abin da babu magani a cikinsa, tsawon wata uku. Ƙarancin jini ya ragu a waɗanda suka sha ayon, amma ba a ga bambanci a ci gaban tunaninsu ba. A yaran firamare kuwa labarin ya fi daɗi, kuma shi ne ya shafi ɗanki kai tsaye: wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a 'yan shekara 5 zuwa 12 ya samu cewa ayon yana inganta natsuwa da sakamakon gwajin tunani, musamman a waɗanda dama suke da ƙarancin jini. Wannan ya dace da abin da ake gani a asibiti, domin yaron da jininsa ya yi ƙasa yana saurin gajiya, yana gyangyaɗi a aji, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma idan aka gyara jinin malamai sukan ga canji cikin zango ɗaya.

To me zai hana a ba kowane yaro kawai a huta? Abubuwa uku ne. Na farko zazzaɓin cizon sauro. A tsibirin Pemba na Zanzibar an ba yara sama da 24,000 ko dai ayon da folik asid ko abin da babu magani a ciki, sai aka dakatar da wannan ɓangare na binciken kafin lokacinsa, domin waɗanda suke shan ayon sun fi sauran haɗarin kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. An buga sakamakon a 2006. Ƙwayar cutar maleriya da wasu ƙwayoyin cuta su ma suna rayuwa da ayon, kuma haɗarin ya fi bayyana a yaran da dama ba su da ƙarancinsa. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a wuraren da ake da maleriya a ba da ayon tare da rigakafi da gwaji da maganin zazzaɓin, wato a wurinmu gidan sauro da ƙwayoyin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara wata-wata a lokacin damina. Na biyu sikila. Yaro mai sikila yana da ƙarancin jini wanda ba rashin ayon ne ya kawo shi ba, kuma idan ana yi masa ƙarin jini ayon yana taruwa a hantarsa da zuciyarsa, don haka ɗura masa maganin ƙarin jini na kemis cutarwa ce. Na uku kuwa, yawan ayon ga wanda ba ya buƙata yana iya taɓa ƙwaƙwalwar kanta. A ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka an ba jarirai madarar gwangwani iri biyu, mai ayon da yawa da mai kaɗan, da aka gwada su suna shekara goma sai aka ga waɗanda jininsu yake ƙasa tun farko sun amfana da mai yawan, waɗanda jininsu yake sama tun farko kuwa sakamakonsu ya fi rauni idan mai yawan suka sha. Mutane sukan ce ai randar da ta cika in an ƙara mata ruwa malala kawai zai yi. Haka ne ga bitamin B da C, waɗanda rararsu take fita a fitsari, har ma bitamin B2 ne yake sa fitsarin yaro ya yi rawaya shar a ɗauka magani ne yake aiki. Amma ayon da bitamin A da D ba sa malala, taruwa suke yi.

Yanzu ga abin da yake cikin kwalbar. Man kifi yana ɗauke da wani kitse da ake kira DHA, kuma gaskiya ne cewa ƙwaƙwalwa da ido suna da shi da yawa, wanda a kansa ne masu talla suka gina kasuwarsu. Sai dai kasancewar abu a cikin ƙwaƙwalwa ba ya nufin ƙara shi zai ƙara mata aiki. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila sun ba yara 362 'yan shekara 7 zuwa 9 masu raunin karatu miligiram 600 na DHA kullum tsawon mako 16. A sakamakon da suka buga a 2012 ba a ga bambanci ba idan aka ɗauki yaran gaba ɗaya, sai dai an ga ɗan ci gaba a waɗanda suka fi kowa rauni. Masu binciken da kansu suka sake gwajin a kan irin waɗannan raunanan, a 2018 suka bayyana cewa ba su sake samun wannan amfanin ba. A Ostireliya ma an ba mata masu ciki kusan 2,400 ko dai man kifi ko man da babu DHA, aka bi 'ya'yan a wata 18 da shekara huɗu da shekara bakwai, ba a ga waɗanda iyayensu suka sha man kifin sun fi sauran basira ba. Haɗin bitamin iri-iri shi ma haka: tun bayan wani ƙaramin bincike a 'yan makarantar Birtaniya a 1988 wanda ya tayar da ƙura har aka yi ta rububin saye, gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna amfanin, idan akwai shi, ɗan kaɗan ne, kuma ya fi tsayawa a yaran da abincinsu yake da rauni. Ni dai da kuɗin kwalbar nan ne a hannuna, kifi da ƙwai da hanta zan saya. Kifin ƙanƙara irin su sadin da makarel yana da DHA ɗin da ake talla, busassun ƙananan kifin da ake dakawa da ƙashinsu suna da furotin da kalsiyam, kuma kifin gulbin Rima da na madatsar Goronyo ba ya yankewa a kasuwanninmu.

Wannan ba son rai ba ne, domin abinci na gaske ya fi ƙwayoyi cin jarrabawar masu bincike. A gundumar Embu ta Kenya, daga 1998, an raba makarantun firamare 12 gida huɗu: wasu ana ba yaransu dafaffen masara da wake da nama, wasu da madara, wasu da ƙarin mai, wasu kuma ba a ba su komai. Waɗanda suka samu nama ne suka fi ci gaba a gwajin tunani. A Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba mutanen ƙauyuka biyu wani kunu mai furotin da madara, wasu ƙauyuka biyun kuma ruwan zaƙi marar furotin. Da aka koma bayan shekaru kusan talatin, sai aka tarar waɗanda suka sha kunun tun suna ƙanana sun fi fahimtar abin da suka karanta, matan cikinsu sun fi daɗewa a makaranta da fiye da aji ɗaya, mazan da suka sha shi kafin shekara biyu kuwa ladan aikinsu ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Waɗanda suka fara sha bayan sun wuce shekara uku ba a ga irin wannan riba a samunsu ba.

Akwai kuma binciken Jamaika, wanda nake ganin ya kamata kowace uwa ta san shi. A birnin Kingston, daga 1986, Farfesa Sally Grantham-McGregor ta ɗauki tsumburarrun yara 129 masu wata 9 zuwa 24. Wasu ana kai musu kilo ɗaya na garin madara kowane mako, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ce take zuwa gida sau ɗaya a mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, wasu suka samu duka biyu, wasu ba ko ɗaya. Bayan shekara biyu kowanne daga cikin biyun ya yi amfani, haɗa su kuma ya fi. Amma da tafiya ta yi nisa amfanin madarar ya dusashe, na wasa da hira ya tsaya, har bayan shekara ashirin waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Tatsuniya da waƙar raino da kiran sunayen abubuwa ga jaririya, da amsa mata idan ta yi gwaranci, duk suna cikin abin da ake nufi.

Bitamin A da zinki ba sai na daɗe a kansu ba. Bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar duk bayan wata shida, a makon lafiyar mata da yara, yana rage mace-mace yana kuma kare ido, zinki kuma tare da ruwan gishiri da sukari yana gajarta gudawa idan an sha shi kwana 10 zuwa 14. Ki tabbata 'yarki tana samun su, amma ba a tabbatar da cewa ɗayansu yana ƙara basira kai tsaye ba. Madarar tamowa ta leda kuwa magani ce ta yaron da aka auna aka ga ya rame sosai, kuma wanda ya saye ta a kasuwa don ƙara wa lafiyayyen ɗansa ƙiba ya ci rabon wani yaro ne da yake bakin mutuwa.

Abin da ya fi damuna da kwalaben kemis shi ne abin da ake cakuɗawa a cikin wasunsu. Da yawa daga magungunan buɗe ciki don cin abinci suna ɗauke da cyproheptadine, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne kuma yana sa barci, don haka yaron da aka ba shi da safe zai je aji ya yi ta gyangyaɗi, a ce dakikanci ne. Ki karanta jerin abin da yake cikin kowace kwalba, ki duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, domin a 2008 gurɓataccen maganin haƙori na jarirai ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Zabibi da dabino da zuma da ake ba masu hadda abinci ne masu kyau, babu laifi ɗanki ya ci, sai dai kada a ba jaririyar zuma kafin ta cika shekara ɗaya saboda wata ƙwayar cuta da hanjinta bai iya yaƙa ba tukuna. Garin magani da ba a san abin da aka haɗa ba kuwa ki nisanta su da shi. Haka ma baƙin kwalli na dutse, wanda yawancinsa dalma ce, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwa ko kaɗan ce, kuma hanjin yaro mai ƙarancin ayon ya fi tsotse ta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen illarta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da dama da lahanin ƙwaƙwalwa.

Ga ɗan naki, shawarata ita ce ki kai shi asibitin da yake da ɗakin gwaji, ko na unguwa ko Asibitin Ƙwararru, a auna jininsa. A shekarunsa, idan ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da yake sa jini ja, ya gaza 11.5 ana lissafa shi mai ƙarancin jini. A duba rukunin jininsa na sikila idan ba a taɓa dubawa ba, a yi gwajin maleriya, a ba shi maganin tsutsar ciki idan ya daɗe bai sha ba, ki kuma tambaye shi ko yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, domin tsargiya tana da yawa a yaran da suke wanka a gulbi da fadamu, kuma sukan ɓoye ta. Ki gaya wa likita idan ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani da suma ko jijjiga, saboda wani bincike a Yuganda ya samu cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da maleriya ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suna da raunin tunani shekara biyu bayan sun warke. Idan gwaji ya nuna ƙarancin ayon ne, za a rubuta masa ayon zalla, mai arha, gwargwadon nauyinsa, ya sha kusan wata uku sannan a sake aunawa. Bayan gidansa zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ya sha shi da lemo ko gwaiba ko ruwan garin 'ya'yan kuka, a raba shi da shayi da nono da kamar awa biyu, ki kuma ɓoye kwalbar inda ƙanwarsa ba za ta kai ba, domin shan ayon da yawa a lokaci ɗaya yana kashe ƙaramin yaro.

Ita ƙaramar, ki ci gaba da ba ta nono har shekara biyu, amma kunun nata ya yi kaurin da ba zai zuba daga cokali da sauƙi ba. A jiƙa geron ya kwana ko a bar shi ya yi tsami kamar yadda ake yin kamu, domin hakan yana rage sinadarin da yake riƙe ayon. A zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, da ɗan mai, a riƙa sauyawa tsakanin dafaffen ƙwai da dakakken kifi da nama mai laushi, da 'yar hanta sau ɗaya a mako, da miyar zogale ko ta kuka ko kabewa. Camfin da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ko jinkirin magana ba shi da tushe. A wata goma tana buƙatar ci sau uku zuwa huɗu a yini ban da nono. Idan asibitin da kike kai ta awo yana ba da garin sinadarai na barbaɗawa a abinci ki karɓa ki bi ƙa'idarsa, ki kuma kwantar da ita a gidan sauro. Idan Allah ya kawo wani cikin, ƙwayoyin ayon da folik asid ko haɗin sinadaran da ake bayarwa wurin awo suna daga cikin ƙarin da amfaninsa ya kai ga ɗan, domin a Nepal an ga 'ya'yan matan da suka sha ayon da folik asid sun fi sauran riƙe abu a ka da ƙwarewar hannu suna shekara 7 zuwa 9.

Yana iya yiwuwa duk gwaje-gwajen babban su fito lafiya lau, kuma hakan yana faruwa sau da yawa. In haka ta kasance, sai a juya ga ido da kunne. Yaron da ba ya ganin allo da kyau bai san haka ba, domin yana zaton kowa haka yake gani, kuma wani gwaji a ƙauyukan ƙasar Sin da aka buga a 2014 ya nuna cewa raba wa 'yan firamare tabarau kyauta ya ɗaga sakamakonsu na lissafi. Ciwon kunne mai ruwa da ya daɗe yana rage ji, ga shi hadda da kunne ake fara ɗaukar ta. Ki duba ko yana karyawa kafin ya fita, da awa nawa yake barci tsakanin boko da Islamiyya da makarantar dare, domin mai shekarunsa yana buƙatar awa tara zuwa goma sha biyu. Ki gwada shi da rubutun Hausa a gida, saboda yara da yawa da ake cewa ba su iya karatu ba, Turancin ne ba su ji, haruffan kuwa suna iya haɗa su. Idan kuma kin ga yana da wayo a hira da lissafin baki da aikin hannu, amma haruffa suna rikice masa a Hausa da Turanci da Larabci baki ɗaya, to akwai wata matsalar karatu da ake haihuwar wasu yara da ita, wadda ba ta da alaƙa da abinci ko da ƙarancin basira, kuma koyarwa ta musamman a hankali, sauti bayan sauti, ita take gyara ta. A wannan hali ki nemi a tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki tafi da littattafan aikinsa na aji da takardar sakamakon jarrabawarsa ta zangon da ya wuce, da ɗan bayani a rubuce daga malamansa biyu kan inda yake tsayawa.